Wai da yuraniyom ɗin Nijar aka ƙera bam ɗin Hiroshima?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗan Agadez ne, a majalisarmu ana ta gardama wai da yuraniyom ɗin Arlit Amurka ta ƙera bam ɗin da ta jefa wa Japan a yaƙin duniya na biyu. Gaskiya ne? Kuma ya aka yi Amurka ta riga Jamus?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. A'a ba na Arlit ba ne. An jefa bam ɗin a 1945, shi kuwa yuraniyom ɗin Nijar sai 1957 Faransawa suka gano shi a Azelik, haƙa a Arlit kuma sai 1971 aka fara. Amma 'yan majalisarku ba su yi nisa da gaskiya ba, don mafi yawan yuraniyom ɗin daga Afirka ya fito, daga wata mahaƙa da ake kira Shinkolobwe a yankin Katanga na Kwango, lokacin Beljiyam ke mulkin mallakar ƙasar. Dutsen wurin ya fi na ko'ina ƙarfi a duniyar wancan zamani, shi ya sa a 1940 shugaban kamfanin haƙar, Edgar Sengier, da ya ga Jamus ta mamaye Beljiyam sai ya sa aka loda kusan tan 1,200 a jirgin ruwa aka kai New York aka jibge a wani sito, yana nan ajiye har sojan Amurka suka zo suka saye a 1942. Akwai wanda aka samo daga Kanada da Colorado amma bai kai wannan kyau ba.

Abin mamaki ilimin kansa a Jamus ya fara. A Disamba 1938 ne Otto Hahn da Fritz Strassmann a Berlin suka ga ƙwayar atom ta yuraniyom tana tsagewa, Lise Meitner wadda ta riga ta gudu saboda ita Bayahudiya ce ita da Otto Frisch suka bayyana abin da ke faruwa. To ka ga rabin amsar tambayarka ta biyu kenan, Hitler da hannunsa ya kori masanan da za su yi masa aikin. Ɗaya daga cikinsu Leo Szilard shi ya tsara wasiƙar da Einstein ya sa wa hannu a Agusta 1939 zuwa ga shugaba Roosevelt cewa a yi hattara Jamus na iya riga kowa.

Ɗaya rabin kuma kuɗi ne da masana'antu, kuma nan ne mutane ba sa ganewa. Mallakar dutsen yuraniyom ba shi ne mallakar bam ba. A cikin wanda ake haƙowa kashi 0.7 cikin 100 ne kawai nau'in U-235 mai fashewa, sauran duk U-238 ne, kuma su biyun a sinadari abu ɗaya ne, ɗan bambancin nauyi ne kaɗai ya raba su, tace ɗaya daga ɗaya shi ne duk wahalar. Amurka gari guda ta gina a Oak Ridge don wannan tacewa, ta gina wani a Hanford don samar da fulutoniyom, wani sinadarin da shi ma ake yin bam da shi, ta tara masana a Los Alamos ƙarƙashin Robert Oppenheimer, Janar Leslie Groves yana kan komai. Wannan aiki da aka sa wa suna Shirin Manhattan ya ci kusan dala biliyan 2 na wancan lokaci da ma'aikata wajen 130,000. Jamus da ake mata ruwan bama-bamai ba dare ba rana ko tukunyar nukiliya mai aiki ba ta iya haɗawa ba har ta miƙa wuya a Mayu 1945.

Wato ƙasar da aka ƙera makamin don tsoronta ta faɗi kafin a gama shi. An gwada na farko a hamadar New Mexico ranar 16 ga Yuli, Szilard da wasu masana 69 suka sa hannu a takardar roƙon shugaba Truman kar a jefa ba tare da an ba Japan damar miƙa wuya ba, bai hana komai ba. Ranar 6 ga Agusta da ƙarfe 8:15 na safe jirgin Enola Gay ya saki na yuraniyom a kan Hiroshima, mutane na hanyar wurin aiki yara sun fito makaranta. Kilo 64 ne a cikinsa, wanda ya tsage bai cika kilo 1 ba, amma kafin shekarar ta ƙare an ƙiyasta mutum 140,000 sun mutu, wasu nan take wasu bayan makonni gashi na zubewa jini na fita daga dasashi. Ranar 9 aka nufi Kokura da na fulutoniyom, ba a iya ganin garin ba saboda gajimare da hayaƙi sai aka juya Nagasaki, can ma kusan 70,000 suka tafi. Innalillahi.

Masu kare Truman suna cewa bam ɗin ya taƙaita yaƙi ya hana a shiga Japan ta ƙasa, wasu masana tarihi kuma suna ganin shigar Tarayyar Sobiyet yaƙi da Japan ranar 8 ga Agusta ita ma ta tilasta miƙa wuyan da aka sanar ranar 15. Ni dai a ganina ba hujjar da ta isa a ƙona gari da mata da yara a ciki, balle na biyun da aka jefa kwana uku kacal bayan na farko. Su kuwa leburorin Kwango da suka haƙo dutsen ba wata kariyar kirki daga tiririn da ke fita daga jikinsa, ba a taɓa gaya musu me za a yi da shi ba.