Amsa: Manhajar da ta dace da aikin rukunin ɗalibai

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambayi wace manhaja ta kyauta za ku yi amfani da ita, ku shida da aka haɗa a bincike ɗaya a Jami'ar Musulunci ta Madina. Shawarata ita ce ku rubuta binciken a Google Docs, domin dukanku za ku iya gyara shafi ɗaya a lokaci guda, tana karɓar rubutun Larabci, kuma tana adana tarihin gyara, wato tana nuna abin da kowa ya rubuta ko ya gyara, abin da na fi ƙauna ke nan, saboda ba a tauye haƙƙin wanda ya yi wahala. Manyan littattafai kuwa ku tura su ta Telegram, wadda ke ɗaukar fayil har na gigabait 2. Idan kuma za ku yi taro ta bidiyo, ku sani cewa taron rukuni a Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40.