Zan koma ƙauye da sola da burtsatse: gonar za ta zaunu?

Tambaya: Na kusa ritaya, an yi mini tayin gona kadada biyar wajen Tudun Wada, kudancin Kano. Babu wuta, babu famfo. Kuɗin sallamata kacokan zan zuba, ga iyali. Da na je a watan Agusta ko'ina kore shar, kuma wani mai duba ruwa ya ɗora kwakwa a tafin hannu, ta miƙe tsaye, ya ce kogi ne a ƙarƙashin gonar. In biya?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Batun wuta bai dame ni ba, rana muna da ita har ta yi yawa. Ruwan ne abin dubawa.

Kudancin Kano a kan dutse yake zaune, babu wani kogi a ƙarƙashinsa. Ruwan yana maƙalewa ne a ruɓaɓɓen dutsen sama da cikin tsagogi. Shi ya sa maƙwabci zai samu, kai ka matsa taku ɗari injin ya yini yana feso ƙura. Ba Haɗeja ba ce, inda yashi ke riƙe ruwa.

Su kuwa masu kwakwa sun ishe ni. Hannun mutum ne ke karkata, kwakwa ta miƙe. Ba ta san ruwa ba sai na cikinta. Wasu da ƙarfe biyu suke zuwa, wasu da reshe, duk kanwar ja ce. Kullum sai an zo mini da ramin da ya cinye miliyoyi, na tambayi rahoton bincike a ce ai mai dubawa ya rantse. Da rijiya ta ƙi, sai ya ce aljanu ne suka janye ruwan, shi kuma ya riga ya karɓi nasa. Ko mu da muke auna ƙasa da na'urar lantarki ba ma rantsuwa, wurin da ya fi alama kawai muke nunawa.

Ka koma a watan Afrilu. Ka tsaya bakin rijiyar garin da asuba, ka ga tsawon igiyar guga, ka tambayi masu ɗiba yaushe take ƙafewa. Hanyar kuma ka riga ka gan ta da damina.

Takardar mai gari kaɗai ba ta isa ba. A Dokar Filaye ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakar filin karkara. Ka tabbata kuma gonar ba ta ci burtali ba.