Amsa ga Hajiyar da ɗanta ke son karatun dizain a SS1

Assalamu alaikum. Hajiya, na ga tambayarki tun daren jiya, aiki ne ya sha kaina. Kin ce yaronki zai shiga SS1, ya ƙwallafa rai a kan girafik dizain, wato sana'ar tsara fosta, kati da makamantansu, kina son sanin ko ana koyar da shi a sakandare, kuma ko ki saya masa laftof tun yanzu. Da wannan sana'a nake ci da iyalina a Kaduna, don haka bari in faɗa miki abin da na gani.

A yawancin sakandarenmu na Najeriya ba za ki tarar da darasi mai wannan suna a jadawali ba. A Gana ne aka taɓa mai da shi darasi mai zaman kansa, ɗaliban sashen zane-zane suna zaɓarsa har su rubuta shi a WAEC. Mu a nan yana cikin darasin zane ne, wanda ke ɗauke da tsara haruffa, haɗa launi da zanen fosta. Lokacin da na shiga SS1 a 2012, ba a daɗe da fara manhajar karatu ta 2011 ba, wadda a wancan lokacin ta kawo darussan sana'a 34, ciki har da ɗaukar hoto da aikin ɗab'i. Amma abin da ke kan takarda daban, abin da makaranta ke da malaminsa daban. Ki taka da ƙafarki ki tambayi shugaban makarantar: kuna da malamin zane? Kuna yi wa ɗalibai rajistarsa a WAEC ko NECO? Idan suka fara kame-kame, kin samu amsa. Kwalejojin fasaha masu jarrabawar NABTEB ma ki leƙa su, wasu suna da sashen ɗab'i.

Mu tara ne kacal a ajin zane, sauran ɗalibai suna mana kallon waɗanda suka tsere wa lissafi. Malaminmu, Allah ya saka masa da alheri, ya sa mun shafe zango guda muna zana haruffa da fensir da rula. Za ka zana kalma ɗaya, ya ɗaga takardar ya miƙa hannu nesa, ya ƙanƙance ido, ya ce tazarar da ke tsakanin A da V ta yi yawa, sake. A lokacin haushi nake ji kamar in fashe. Yau da na kalli fosta a bakin titi, kafin in karanta abin da aka rubuta idona ya riga ya faɗa kan inda haruffa suka cushe. Yaran da ke zuwa shagonmu sun iya manhajojin zane irin su Canva da PixelLab a waya fiye da ni, amma sai ka ga launi bakwai da salon rubutu biyar a katin suna guda. Hannu yana gudu, idon ne ba a horar ba.

Sai dai makaranta ba ta koya mini injin bugu ba. Wannan a shago na same shi, a hutun ƙarshen shekara na SS1, ina shara, ina yanka takarda, ina leƙen maigida yana aiki da CorelDRAW, manhajar zane ta kwamfuta. A can na gane cewa launin da ke haskawa a fuskar kwamfuta, wato RGB, ba shi ne ke fitowa a takarda ba, domin inji da tawada huɗu yake aiki, CMYK. Shuɗin nan mai ƙyalli sai ya fito a dushe. A can na san hoton da aka turo ta WhatsApp ba ya buguwa da kyau, an riga an matse shi, alhali bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci.

Ga wanda ba na mantawa. Katin biki ne guda 500, aikin farko da aka sakar mini. Sunan unguwar amarya da ƙ ya fara, na rubuta shi daidai, na kai wurin bugu ban mayar da rubutun ya zama zane ba, abin da danna Ctrl da Q kawai zai yi a CorelDRAW. Kwamfutarsu ba ta da irin salon rubutuna, duk inda ƙ da ɗ suke sai ɗan akwati ya fito. Yayan amarya ya zo karɓa, ya ɗaga kati ɗaya, bai ce uffan ba, ya ajiye. Kuɗin sake bugawa daga ɗan abin da nake tarawa ya fita. Har yau idan aiki na Hausa ne ko Larabci, sai na buga gwaji ɗaya na karanta da baki.

Batun laftof, ni dai ban ga gaggawa ba. Ki saya masa littafin zane, fensir 2B da rula, ki samo masa shagon ɗab'i na mutumin kirki da zai riƙa zuwa Asabar da hutu. Idan ya shekara bai gaji ba, a sayi na hannu mai RAM (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) gigabait 8. Wanda aka saya tun ranar farko, sau da yawa ƙwallo ake bugawa a kai.

Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai. Da ya fara samun 'yan kuɗi, musamman lokacin siyasa da fosta ke tafiya kamar ruwa, zai ce makaranta ɓata lokaci ce. Kada ki yarda ya saki Turanci da lissafi. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da sashen da ake karanta dizain har digiri, kuma sai da kiredit biyar ake shiga. Ku duba ƙasidar JAMB tare tun yanzu, kafin ya zaɓi darussa, domin na san waɗanda sai a SS3 suka gano sun bar wanda ake buƙata.

Idan yana da zanen da ya yi da hannu, ki ɗauki hoton biyu ko uku ki turo nan, in duba bayan Isha'i in sha Allahu.