Sowa ake yi wa mai nasara, guɗa kuma rangaɗa ta ake

Malam, ka tambaya wace kalma ta dace da murnar da ke ɓarkewa idan ɗan kokawa ya kayar da abokin karawarsa. Sowa ce: ka ce jama'a sun yi sowa, ko fili ya kaure da sowa. Murna tana iya zama a zuci ba wanda ya ji ta, ita kuwa sowa sai da murya da taron mutane. In mata ne suka kaɗa harshe suka saki ayyururui, wannan guɗa ce, kuma rangaɗa ta ake yi. Daga nan aka samo sunan maguɗiya, wadda ke rangaɗa ta a gidan biki ko bayan sarki ranar hawan salla.

Sai dai ka kula da shewa, don matasa na yawan haɗa ta da sowa. A filin kokawa na Damagaram, lokacin gasar Takobi, wato babbar gasar kokawa ta ƙasar Nijar, na ga ƴan kallo sun ɗaga wanda ya yi kaye a kafaɗa suna sowa, wasu kuma suka bi wanda ya faɗi da shewa har ya sunkuyar da kai. Shewa kan ɗauki ba'a, don haka kada ka rubuta ta a saƙon taya wani murna.