Ma'anar "yadro" a Rashanci

Malam, ka ce ka ga kalmar yadro a littafin kimiyya, ka sake ganinta a zancen kwamfuta, kana tambaya ko kalma ɗaya ce. Ɗaya ce. Asalinta ƙwayar da ke cikin ɓawo, kamar wadda za ka samu in ka fasa gyaɗa. Daga nan aka ara wa duk abin da ke can tsakiya.

Tsakiyar ƙwayar zarra yadro ce, shi ya sa Rashawa ke kiran makamin nukiliya "yadernoye oruzhiye". Cibiyar ƙwayar halitta, inda DNA yake, ita ma yadro. Haka curin ƙarfen da ke tsakiyar duniya, haka zuciyar Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce dunƙulen ƙarfen da ake ɗura wa igwa a da, har da wanda 'yan wasa ke jifa da shi.

'Yan Cek na cewa jádro, Sabiyawa jezgro. Amma in ka je Folan ka kama bakinka, don jądro a can tana nufin ɗan maraina ma.