Malam, a gyara wuta kafin a ƙara wa butum-butumin komai

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce ɗalibanka sun haɗa butum-butumi mai bin baƙin layi da Arduino Uno, ɗan allon kwamfutar da ke sarrafa shi, saura wata biyu gasa, amma yau ya bi layi tsaf, gobe ya kauce, ga yaran kuma sun matsa a ƙara masa hannu. Na daɗe ina irin wannan aiki da yara a nan Samaru, kuma shawarata ita ce a jingine maganar hannun tukuna. Wanda ke gama zagayensa kullum shi ke cin gasa, ko da ba shi da ado.

Ka fara da batir, don mafi yawan lokaci nan matsalar take. In da ɗan batirin nan mai bolt 9 kuke aiki, ku ajiye shi, ba ya iya ciyar da injinan taya. Ku nemi batiran caji samfurin 18650 guda biyu, a haɗa su a jere. In sun cika suna ba da bolt 8.4, suna aiki suna sauka zuwa 7.4 har ƙasa da haka, sannan allon L298N da yawancinmu ke sa wa injinan yana cinye kusan bolt 2 kafin wutar ta kai taya. Ka ga ke nan gudun da yara suka saita da safe da cikakken batir ba shi za su gani bayan azahar ba, alhali lambar da ke cikin manhajar ba ta canza ba. Su riƙa auna batir da mita kafin kowane gwaji, su rubuta. In kuma Arduino na sake tashi da kansa da zarar taya ta motsa, injinan ne ke fizge wutar. A raba musu hanyar wuta, amma wayar ƙasa, wato ta ɓangaren negatif (GND), ta kasance haɗe. Batiran nan kada a bar su a caji ba kowa a wurin, balle a zafin Maris da Afrilu.

Sai haske. Sensar da ke ganin layin da hasken infrared take aiki, rana kuwa cike take da shi. Abin da aka saita a aji mai duhu, in an kai shi zauren da tagoginsa ke buɗe sai ya rikice. Ku yi wa sensocin 'yar rumfa da baƙin kwali, sannan a rubuta manhajar yadda duk aka kunna shi zai fara karanta fari da baƙin filin da yake kai.

Ƙurar Zariya ma tana da nata. Da hunturu, kafin ka ankara ta kwanta a kan filin, tayoyi su riƙa sulɓewa a kwana. Tsumma mai ɗan danshi a hannun yaro ɗaya ya isa. Wayoyin da aka soka a allon gwaji kuwa girgiza na zare su, a liƙe su da dalma. Masu gyaran waya na unguwar PZ a Zariya sun iya wannan, ka kai yara biyu su koya da hannunsu.

Ka samo dokokin gasar a rubuce tun yau. A rukunin RoboMission na WRO, gasar butum-butumi ta duniya, misali, girman butum-butumi kafin ya tashi ba ya wuce santimita 25 ta kowane ɓangare, a gasar FIRST LEGO League kuma minti biyu da rabi ne wasan. Taku ma tana da nata iyakokin, kuma abin takaici ne a sallami yara tun a wurin awo.

Abin da ya fi damuna shi ne a bar aikin a hannun yaro ɗaya mai hazaƙa. Ranar gasa zazzaɓi na iya kama shi, alƙalai kuma suna iya tambayar kowa. Kowane ɗalibi, mace da namiji, ya iya canza batir, ya loda manhaja, ya bayyana abin da ya sa yake juyawa hagu. Kai ma Malam ka daure ka janye hannunka, ko da kana ganin gyaran a fili.

In saura mako biyu gasa, a daina canza komai sai maimaita gwaji. Injin taya da sensa da Arduino na ajiya kuwa a yi odarsu yanzu, don saƙo daga Legas ko Kano yakan yi jinkiri. In ka turo hoton yadda kuka haɗa wayoyin, zan duba maka in sha Allah.