Hukuncin wanda ya karɓi kuɗi ya rantse zai zaɓi ɗan takarar majalisa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙasar Ringim. Wakilin wani mai neman komawa Majalisar Wakilai ya tara mu a zaure bayan sallar isha'i, ya ba kowa kuɗi da taliya, sannan ya sa muka dafa Alƙur'ani a kan jam'iyyarsu za mu dangwala wa sak. Ni kuwa na san mutumin bai riƙe amanarmu ba a zangonsa na farko, kuma na fi natsuwa da ɗan takarar wata jam'iyyar. Shin rantsuwar ta ɗaure ni? Yaya zan yi da kuɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ƙuri'a shaida ce da kake bayarwa cewa wane ya cancanci ya wakilce ka, kuma Allah Ya haɗa hani ga shaidar zur da hani ga bautar gumaka a aya ta 30 ta Suratul Hajji. Kujerar da ake magana a kanta ɗaya ce daga cikin 360 na Majalisar Wakilai, waɗanda 11 daga cikinsu na Jigawa ne, kuma wanda ya hau ta zai yi shekara huɗu yana sa hannu a dokokin ƙasa da kasafin kuɗin da ake gina asibiti da hanya da madatsar ruwa da shi. Ma'aunin da Alƙur'ani ya ba mu a Suratul Ƙasas, aya ta 26, shi ne ƙarfin iya aiki da amana, babu sunan jam'iyya a ciki.

Abin da aka ba ku rashawa ce, ko da an kira shi ihsani, domin an ɗaura shi a kan sharaɗi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa daga cikin mutane uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar alƙiyama akwai wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika alkawari, in an hana shi ya warware. Wannan hadisi yana tayar mini da hankali duk lokacin da kakar zaɓe ta zo, saboda na san halin da manomi yake ciki idan rumbu ya yi ƙasa, amma zunubin wanda ya yi farauta da yunwar talaka ya fi girma nesa ba kusa ba.

Rantsuwa da Alƙur'ani rantsuwa ce ƙullalliya, sai dai ba ta halatta abin da yake haram. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda ya rantse a kan wani abu sannan ya ga wanda ya fi shi alheri da ya aikata mafi alherin, ya yi kaffara. Saboda haka ka zaɓi wanda ka fi amincewa da shi, sannan ka ciyar da miskinai goma, kowanne mudun Nabiyyi na abincin da ake ci a garinku kamar gero ko dawa, ko ka tufatar da su. Idan ba ka da hali sai ka yi azumin kwana uku, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida, aya ta 89.

Batun sak kuwa, takardar shugaban ƙasa daban take, ta sanata daban, ta ɗan majalisar wakilai daban, don haka kowace kujera ka auna mai nemanta shi kaɗai. Idan ya dace duka nagartattun suna jam'iyya ɗaya, babu laifi.

Kuɗin ka mayar wa wanda ya ba ka. Idan kana tsoron hakan zai jawo maka fitina a gari, ka ba mabuƙata ba da niyyar sadaka daga gare ka ba, ka kuma yi istigfari. Kada ka yanke gaisuwa da maƙwabtan da kuka saɓa a kan jam'iyya, domin iyayenmu sun ga yadda gabar NEPU da NPC ta raba zumunta a garuruwan ƙasar Kano, alhali shari'a ba ta yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba. Wallahu a'alam.